Inshorar A-kori-kura da Yafiyar Garun Malam

Daga gida, bakin kanal, ƙasar Bunkure.

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya kai ka Kaduna lafiya, Ya sa ka tarar da kawunka da iyalinsa lafiya. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, Ya kiyaye ka daga na gabanka da na bayanka. Amin.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Dalili shi ne, duk lokacin da na zaunar da kai zan yi maka magana, sai ka sunkuyar da kai kana tonon ƙasa da tsinke, kana ta "to Baba, to Baba," ni kuma sai zancen ya kuɓuce mini. Shi ya sa na ɗauko biro. Rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, sai ka yi haƙuri da shi. Zan sa wasiƙar a akwatin gaban mota tare da takardar inshora, ka karanta in ka sauke kaya ka huta.

Maganar inshorar nan ce ta hana ni sukuni tun da aka sa ranar tafiyarka. Gara in gaya maka tun yanzu, ni ban gane ta ba. Shekara da shekaru ina biya, na hau benen ofishinsu a Kano har gwiwoyina sun saba da matakalar, amma yau in ka ce in zayyana maka ita tiryan-tiryan, ƙarya zan yi maka. Wuraren da ta kayar da ni kaɗai na sani, su zan nuna maka.

Na sayi a-kori-kurar nan shekarar da tumatir ya yi kuɗi, kana firamare. Aka ce mini mota ba ta hawa kwalta sai da inshora. Na ɗauka wani haraji ne, ka biya a ba ka rasit ka kama gabanka. Wani mai tebur a gindin bishiya kusa da ofishin lasisi ya dube ni ya ce, "Alhaji, ta 'yan sanda kake so ko cikakkiya?" Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba na ji an ce Alhaji, kaina ya kumbura. Na ce mene ne bambancinsu? Ya ce kuɗi. Na ce to ba ni mai arahar. Iyakar binciken da na yi ke nan.

Ba a jima ba, wata ranar sakin ruwa, na ɗebo kwandunan tumatir na biyo hanyar da ke kafaɗar kanal. Ashe ruwa ya ɓulle ta ramin gafiya ya jiƙa ƙasar ta ciki, sama a bushe ƙayau, ƙasa kuwa laka. Tayar baya ta zame, na taka birki, abin da bai kamata in yi ba ke nan, motar ta kwanta a hankali cikin ruwa. Na fito ta taga ina kallon tumatirina yana bin kanal yana tafiya. Mutanen da ke ƙasa da mu sun sha jar miya a satin nan, wasunsu har godiya suka aiko.

Da tarakta ta jawo motar, na ɗauki takardata na nufi Kano da ƙarfin gwiwa. Akawun inshorar, wani siriri mai farar riga, ya duba takardar ya ce, "Malam, wa ka buge?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, ban buge kowa ba."

Ya ce, "To ai babu abin da za mu biya."

Na zaci bai ji ba, na maimaita masa cewa mota ce ta faɗa ruwa. Ya ce ya ji. Wannan takarda, in ji shi, ba don motata aka yi ta ba, don wanda zan yi wa ɓarna aka yi ta. Na ce wato na fitar da kuɗina na tanadar wa mutumin da ban taɓa gani ba, ni mai kuɗin kuma in je in sha ruwan kanal? Ya ce haka doka ta ce. Na sauko daga benen nan ina jin kamar da na buge wani da abin ya fi mini sauƙi, sai kuma na yi ta istigfari a kan wannan tunani har tasha.

Don haka Salisu, duk takardar da aka miƙo maka, tambayi wa za ta biya kafin ka tambayi nawa ce. Ranar sakin ruwa kuma kada ka bi kafaɗar kanal da kaya, ko da kuwa ita ce ta fi kusa. Zagaya ta kwalta. In ka ga ƙasa ta yi duhu a wuri guda, sauka ka taka da ƙafarka tukuna. In taya ta fara zamewa, ɗauke ƙafarka daga birki. Wannan kam na gane shi sarai, domin na sha ruwan.

Bayan na gyara motar sai na ce to cikakkiyar zan yi, wadda aka ce tana biyan motarka kai ma. Da na ji kuɗinta sai da na nemi wurin zama. Kafin in biya na je wurin limaminmu Malam Iliya, don zuciyata ba ta kwanta ba. Ya ce abin yana da warin caca, tunda ka zuba kuɗi a kan abin da ba ka san zai faru ko ba zai faru ba, amma abin da hukuma ta tilasta ba laifin talaka ba ne. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai mai arahar hukuma ta tilasta, ni kuwa mai tsadar nake so." Ya shafa gemu, ya ce in bari ya duba. Har yau yana dubawa. Ni dai na biya, kuma duk shekara in na biya sai in ba da sadaka, ko da akwai wani abu a ciki. Ban sani ba ko hakan daidai ne. In ka haɗu da wani malami a Kaduna ka tambayar mini.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zauna rubutun nan. Ka san an buge ni a Garun Malam, amma a lokacin ba a zaunar da kai an gaya maka yadda aka yi ba.

A shekarar, tumatir ya yi kwantai, ba mai saye, kowa ya koma yankawa yana shanya kauɗa. Ka san yadda kafaɗar titin Zariya take zama a irin lokacin nan, ja wur hagu da dama, mata da maza a durƙushe suna juya shanya, babu inda mota za ta kauce. Bayan azahar ina dawowa ba kaya, sai ga gingimari daga wajen Zariya. Wani jaki da mangala ya faɗo titi a gabanta. Direban ya murɗa sitiyari. Hanya biyu ce gare shi, ko ya hau kan masu shanya, ko ya yo kaina. Ya yo kaina.

Gaban motarmu ya lotse har injin. Ni Allah Ya taƙaita, goshina kawai ya fashe, tabon da kake gani. Ina fitowa jini na zuba, sai na ga direban ya diro. Dattijo ne, gemunsa fari fat, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya cire hula, ya durƙusa a kan kwaltar nan mai zafi, ya riƙe ƙafata. Ya ce, "Ɗana, ka yi wa Allah. Motar ba tawa ba ce, 'ya'ya gare ni cike da gida. In aka kai ni wurin 'yan sanda na ƙare." Hawaye yake yi sosai. Masu shanya suka taru, kowa na cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri, wata tsohuwa kuwa sai sa masa albarka take don bai bi ta kanta ba.

To me zan ce? Mutum ya ceci rayuka da motata, ga shi sa'an ubana a durƙushe gabana, ga jama'a na kallo. A garinmu in aka yi haka magana ɗaya ce. Na ce, "Tashi Baba, na yafe." Aka yi salati, aka shafa fatiha, aka kawo masa ruwa ya sha, har da ni a masu duba masa taya. Ya hau ya tafi. Ban tambayi sunansa ba, ban dubi lambar motarsa ba, don a wurinmu wanda ka yafe wa ba ka bin sa da tambaya. Kuma ba zan ɓoye maka ba, a ƙasan zuciyata ina cewa ai ina da cikakkiya, kamfani zai biya. Yafiyar ta zo mini da sauƙi don na ɗauka da aljihun wasu nake yin ta.

Na bari goshina ya warke, na bari muka gama yankan alkama, sannan na tafi Kano. Akawun nan dai na tarar. Ya ce ina takardar 'yan sanda? Na ce ba a kira su ba, sulhu aka yi. Ya ce ina lambar gingimarin? Na ce ban duba ba. Ya ce ina direban? Na ce na yafe masa, ya tafi. Na faɗa ina jiran ya ce madalla.

Sai ya ajiye biro ya ce, "Malam, ka yafe abin da ba naka ba."

Na ce, "Motar ta wa ce?"

Ya ce motar tawa ce, amma tun ranar da na sa hannu, bin wanda ya buge ta haƙƙinsu ne. Su biya ni, su kuma su bi kamfanin inshorar mai gingimarin su karɓa. Na saki mutum ba da saninsu ba, na zo a makare, ba shaida. Ya ce ma ƙila da ba dattijon ne zai biya ko kwabo ba, takardar maigidansa ce za ta biya, irin waccan ta 'yan sanda da na rena. Wato ashe ranar ni ne mutumin da ba a sani ba, wanda wani ya tanadar wa, na sa ƙafa na ture. Wannan magana ta fi komai ruɗa ni. Na yi ta hawa benen nan har na gaji, ba su biya ba.

Kayan gyara sun riga sun yi tashin gwauron zabo a lokacin. Bakanike ya faɗi kuɗin da ban da su. Sai na sayar da gonar bakin ƙofar ruwa, wadda ruwa ke fara shiga kafin ta kowa. Salisu, gonar nan kai na yi wa niyyarta. Yayyenka kowa na ba shi tasa, wannan ce taka. Ita ce yanzu take ƙarƙashinka da taya huɗu. Shi ya sa da ka ce tuƙi kake so ban yi maka musu ba, domin ba ni da ƙasar da zan nuna maka in ce zauna ka noma. In motar nan ta tafi, saura gonar da muke ci, ita kuwa ba ta sayuwa.

Innarka ba ta yi mini faɗa ba a ranar. Tuwo ta ajiye mini ta ce, "Allah Ya ba da lada, Malam. Sai dai ladan ya yi tsada." Har yau in gingimari ta wuce ta titi sai ta yi tsaki.

Makon jiya na koma ofishin don a sa sunanka a takardar, tunda akawun ya ce in wanda ba a rubuta ba ya tuƙa aka yi ɓarna, ba ruwansu. Na shirya zan nemi ragi. Ya ce shekarunka nawa? Na ce yaro ne ɗanye shataf, idonsa garau, ba irina ba da nake ganin mutum biyu in rana ta faɗi. Ya rubuta. Ya ce yaushe ka karɓi lasisi? Na ce bana, sabo fil, ko lanƙwasa bai yi ba. Ya rubuta. Ya ce kana da aure? Na ce ina, ba shi da wani nauyi da zai raba masa hankali. Ya sake rubutawa, yana gyaɗa kai. Na ga kamar abin yana burge shi, sai na ƙara ƙaimi.

Na ce kada ya ga lasisin sabo ne, ai ka goge. Na ce hanyarmu ba irin ta birni ba ce. Na lissafa masa jakuna, da shanun Fulani masu tsallaka titi su sha ruwa a kanal, da taraktocin da ba su da fitilar baya, da masu keke da ke ɗaure buhu a gicciye, da shinkafar da ake bazawa a kwalta a wajen Kura, da bas-bas ɗin Garun Malam masu tsayawa duk inda aka ɗaga hannu, da gadojin kanal da ba su da shinge. Na ce duk a cikin wannan ka tashi, kuma Kaduna za ka riƙa kai kaya, kwando har sama. Biron nan bai tsaya ba. Da ya juyo mini da takardar, kuɗin ya kusa ninka na bara.

Na ce kuskure ne. Ya ce ba kuskure, ni na faɗa da bakina. Sabon hannu, matashi, marar aure, doguwar hanya, kaya mai nauyi, ga jakuna. Kowanne da kuɗinsa. Na ce to ni tsoho mai raunin ido, wanda ya taɓa kwantar da mota a kanal, na fi araha ke nan a kan mai lafiya? Ya ce ƙwarai. Na ce in na yi maka aure gobe za a rage? Ya yi dariya ya ce mai yiwuwa. Na lissafa a raina na ga auren ya fi ragin tsada, na bar maganar. Ya ce kuma in ka shekara ba ka jawo musu asara ba za su sassauta. Wato kana biya don su biya ka, in kuma ba su biya ka ba sai su yaba maka. Na rantse maka har mota ta zarce da ni Kwanar Dangora ina tunani ban warware wannan ba, alhali a Kura zan sauka.

Na sayar da alkamar da na ajiye na biya. Ban yi da-na-sanin faɗa masa gaskiya ba, don ya ce da na ɓoye aka gano, takardar ta tashi a banza. Amma kai in ka je irin wurin nan, amsa abin da aka tambaye ka kawai. Ba wurin yabon ɗa ba ne. Abubuwan da na lissafa masa kuwa, kai na fi so ka riƙe su. Jaki in ya tsaya a titi ba ya jin hon. Saniya ɗaya in ta tsallaka, akwai wata a bayanta. In magariba ta gabato ka ga duhu-duhu yana tafiya a hankali a gabanka, tarakta ce. Lokacin kauɗa kuma ka rage gudu tun daga nesa, don babu kafaɗar titi, mutane ne a wurin.

Zan fito ke nan akawun ya kira ni ya ce in gaya maka abu biyu. In an buge ka, kada ka ce ka yafe. In kai ka buge wani, kada ka ce laifinka ne, kada ka ba da haƙuri, ka yi shiru ka kira 'yan sanda, ka sanar da kamfani da wuri.

Salisu, kwana da kwanaki ina juya maganar nan. Tun kana rarrafe nake koya maka kalma biyu, "yi haƙuri" da "na yafe". Na taɓa dukanka don ka ƙi faɗin ta farko ga ƙanwarka. Yanzu kuma na sayar da alkama na sayo takardar da ta ce ka haɗiye su duka biyun. Na ɗauki biro zan rubuta maka "kada ka yafe," hannuna ya ƙi, na ajiye. Na tuna gonarka, na sake ɗauka. Na tuna dattijon nan a kan kwalta, na sake ajiyewa. Ban san wanne ne daidai ba. In aka mai da ni Garun Malam yau, da duk abin da na sani, ban tabbata bakina zai faɗi wani abu daban ba, kuma wannan yana ba ni haushin kaina.

Ga dai iyakar dabarar da na iya. In wani ya buge ka, ka tashe shi in ya durƙusa, ka ba shi ruwa, kada ka zage shi. Amma ka rubuta lambar motarsa da sunansa, a kira 'yan sanda. In jama'a suka taso maka da "a yi haƙuri," ka ce kai yaro ne, motar ta tsohonka ce, ba ka da ikon yafe abin da ba naka ba. Ba ƙarya ka yi ba, akawu ma haka ya ce. Ka turo mini shi gida. Ni kuma na san halina, don haka in ya zo ba zan fito ba, innarka zan tura masa.

In kuwa kai ne ka buge mutum, Allah Ya kiyaye, to manta da akawu. Sauka ka ɗauke shi ka kai asibiti, ka durƙusa wa iyayensa ka ba su haƙuri. In takardar ta tashi saboda haka, ta tashi. Ba zan iya tura ɗana duniya da bakin da ba ya ba da haƙuri ba, ko nawa za a rage mini.

Saura abu ɗaya. Na gaya maka motar nan gonarka ce don ka kula da ita, ba don ka mutu a kanta ba. In rana ta zo da za ka zaɓa tsakanin mota da mutane, ka yi abin da dattijon nan ya yi. In tsakanin mota ne da kai, saki motar. Na tambayi akawun ko cikakkiyar tana mai do da direba, ya dube ni bai ce komai ba, a nan kam na gane shi. Da mota ta lotse na sami gonar da na sayar na tashe ta. Kai ba ni da abin da zan sayar.

Innarka tana gaishe ka, ta ce dambun da ta ƙulle maka yana bayan kujera, kada ka bari ya kwana biyu. Yayyenka da ƙanwarka suna yi maka fatan alheri. Ka gaishe da kawunka da mutanen gidansa. Kada ka tuƙa kana jin barci, kada ka bar salla don sauri. Allah Ya sa ka fita lafiya ka dawo lafiya, Ya sa mu yi ta biyan kuɗin takardar nan a banza har ƙarshen rayuwarmu. Allah Ya yi maka albarka. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba